Kalmar da Yaya Nomau Ya Hana a Taɓa

Wannan ba tatsuniya ba ce, don haka kada wanda ya ce mani ta zo mu ji ta. Ta riga ta zo, mun ji ta, mun gaji, mun kai mai ita makwancinshi. Ni ce Auta, ƙanwar Nomau, uwa ɗaya uba ɗaya. Na yi jikoki, haƙora sun zube, amma har ya koma ga Allah Auta yake ce mani. Ban yi lakwal ba, ban san boko ba, jikata Ramatu ke rubutawa ina faɗa. Ku da kuka san shi ku ne shaidu. In na ƙara gishiri ku tsayar da ni. Shi dai da yana nan, da tuni ya tsayar.

Kun san hannun nan nashi. Mutum ya shigo da labari da zafinshi, ya ce, "Wayyo, yau rana ta ƙazanta!" Sai Yaya ya ɗaga tafin hannu, ya ja shi a kwance cikin iska, kamar mai awon hatsi yana shafe bakin tiya. Ya ce, "Shafe tozon. Rana ta yi ƙarfi. Ƙazanta sai faɗa. Rana da wa ta yi faɗa?" Shi ya sa duk Dakoro ake ce mashi Nomau Mai Tiya, alhali bai taɓa zama rumfar hatsi ba. Awaki yake kiwo. Magana yake awo.

Wani rowar goro yake, wani rowar sukari. Yayana rowar manyan kalmomi yake yi. In abu ya ɗan motsa, ya ce ya ƙaru. In ya ci gaba, ya ce ya yi ƙarfi. Kafin ka ji "ya tsananta" a bakinshi, to masu hankali sun fara ɗaure kaya. Tsamari ya ware ma ciwo, ƙamari ya ware ma sata da mugun hali, kuma ba ya yarda ɗaya ta shiga garken ɗaya. Rediyonshi ma bai tsira ba. In mai labarai ya zuba babbar kalma a kan ƙaramin abu, sai Yaya ya juya fuskar rediyon ga bango, ya bar shi can ya wuni, wai ya yi tunani.

Akwai kuma guda da ya aje can ƙasan adaka kamar rigar Salla: "ya ta'azzara." Wannan, in ji shi, sau ɗaya ake sa ta, ranar da babu abin da ya rage a bayanta. Tun rasuwar maigidana nake gidan Yaya, ban taɓa jin ya ɗora ta a kan komai ba. Yakan ambace ta ne don ya hana. Ko ranar da matarshi ta rasu, "ya tsananta" ya ce, ya shiga ɗaki ya ja ƙofa.

Ku riƙe wannan da zan faɗa, don a kanshi labarin ya rataya. Ranar da Lawali, ɗanshi namiji tilo, zai tafi Aljeriya aikin gini, muka raka shi tasha. Sauran iyaye na ta addu'a da share hawaye. Yaya ya kama wuyan hannun yaron ya ce, "Ka ji ni da kyau. Hamada ba wasa ba ce, kuma wanda ya bar aiki can, wani ke hawa. Duk abin da ka ji daga gida, ka yi zamanka. Ranar da ka ji an ce ya ta'azzara daga gidanmu, ka aje abin da ke hannunka ka taho."

Lawali ya ce, "To, Baba."

Ɗan kamasho ya buga jikin mota ya ce, "Tsoho, sakar mana yaro mu tafi, zafi ya ta'azzara cikin motar ga!"

Wallahi har bakin kwalta Yaya ya bi motar nan da sassarfa, yana shafe tozo. Mutane suka ɗauka ban kwana yake ma ɗanshi.

To. Wata damina aka yi ruwa tun hantsi har la'asar, irin wanda ba mu saba gani ba a nan. Ɗakin Yaya tsoho ne, na ƙasa. Na sha ce mashi a yi yaɓe, ya ce tsagar ƙaruwa kawai ta yi. Ina madafa sai na ji dim! Ɗaki ya zauna, Yaya na ciki. Na fito ina kururuwa, maƙwabta suka cika gida, masu fartanya da masu hannu, ba wanda ya san ta inda za a fara tono. Idi mahauci, maƙwabcinmu, wanda kun san bakinshi ba shi da linzami, ya ɗora hannu biyu a ka ya ce, "Innalillahi! Jama'a, abu ya ta'azzara!"

Sai muka ji murya a shaƙe daga ƙarƙashin laka, can kusurwar gabas: "Wane ne wannan? Idi ne? Shafe tozon!"

Nan aka tona. Azara ce ta tokare bisa gadon, ita ta tsare shi. Aka jawo shi ta ƙafa, baki cike da ƙasa. Ya tofar, ya dubi sama, ya dubi inda ɗakin yake a da, ya ce, "Ruwa dai ya yi ƙarfi."

Idi ya ce, "Nomau, ka gode mani. Da ban yi ɓarnar kalmarka ba, da yanzu muna tonon yamma kana gabas."

Yaya ya ce, "Na gode. Kada ka sake."

Sai shekarar shanun Buba. Buba Bafillace ne, daga wajen Azagor yake gangarowa da garkenshi. Suka kubce mashi suka faɗa gonar Yaya, gero na bununi. Aka tafi gaban mai gari. Ni ban je ba, Idi ya kawo mani labarin yana huci. Kowa ya san yadda ake yi: mai gona ya kumbura ɓarna, makiyayi ya tsuke ta, a haɗu a tsakiya, kowa ya tashi yana gunaguni. Buba ya riga ya tsuke tashi, ya ce ƴan kawuna ne suka lasa. Mai gari ya ce, "Nomau, an ce ɓarna ta yi tsanani?" Dattawa na ta ƙyafta mashi ido. Ya ce a dakata. Ya tashi ya koma gonar a ƙafa, ya zagaye ta, ya dawo, ana zaune rana na gasa mutane. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ta fi yadda Buba ya faɗa. Amma ba ta tsananta ba. Tsuntsayen bara sun fi shanun ga ci, kuma ban ga wanda ya kawo su ƙara ba."

Abin da aka yanke ko irin shuka bai kai ba. Da ya dawo na ce, "Yaya, bana kalma za mu tuƙa a tukunya?"

Ya ce, "Auta, in na sayar da tsanani a kan kawunan gero, ran da fari ya zo da me zan faɗa?"

Buba kuwa kunya ta kama shi. Duk ranar kasuwa sai matarshi ta aje mana ƙwaryar nono da man shanu a bakin ƙofa, ta wuce ba ta ko tsayawa a gaisa. Shekara ta juyo, nono bai tsaya ba. Wata ta sake juyowa. Muka sha, maƙwabta suka sha, har kaji suka yi sheƙi. Rannan Yaya ya ɗaga faifai, ya daɗe yana kallon ƙwaryar, ya ce, "Auta, nonon ga ya fara ƙamari." Kun ji! Alherin mutum ya kai shi garken sata da mugun hali.

Kuna dariya. Ni ma na yi, da can, lokacin ina da ƙarfinta. Amma bari in gaya ma yara abin da ba su tarar ba. Babanmu yana da shanu, ba kaɗan ba. Kowace shekara in bazara ta yi nisa ruwa bai sauka ba, sai dillalai su cika kasuwa da cewa ta ta'azzara, a sayar kafin su mutu. Don su saya da araha suke faɗa. Ruwa ya sauka, wanda ya sayar ya ciji yatsa. Haka, haka, har kunnen Baba ya yi kanta. Shekarar da babban farin ya zo, wani Buzu amininshi ya taho daga arewa bisa raƙumi, bai ko sha ruwa ba ya ce mashi ta ta'azzara, ya sayar ko ya yi kudu. Baba ya yi dariya ya ce bara ma haka aka ce. Yaya yana saurayi a lokacin. Shanun suka shiga mutuwa, shi ya dinga jan su zuwa bayan gari, ɗaya bayan ɗaya, har ta ƙarshe, wata ja da muke ce ma Kyauta. Ya dawo da igiya a hannu, ya zauna bakin turken da ba kowa, ya ce, "Ba fari kaɗai ya kashe su ba. Kalmar ce aka tsufar kafin ranarta." Tun daga nan hannun nan ya fara.

Sau ɗaya na ga an kayar da shi, kuma mai rubutun nan ce ta yi. Mushensu, wato malaminsu na angile a kwaleji, ya ba su kalmomin Ingilishi su haddace. Tana bisa tabarma tana ta maimaitawa, ni dai ji nake kamar ana tauna aya. Yaya ya ce, "Amarya, wace addu'a ce wannan?" Haka yake ce mata, wasan kaka da jika.

Ta ce, "Ba addu'a ba ce, tsoho. Duk 'ya ƙara ƙarfi' ne da 'ya tsananta', da angile."

"Duka?" Ya jawo buzunshi ya matso. Ta shiga lissafa mashi da yatsu. Hannu ya ƙare, ta koma ɗayan.

Ya ce, "Ai tarkace ne. Kowace da garkenta?"

Ta ce, "E mana. Wannan ta ciwo ce da rigima, ba a ɗora ta ga abin kirki. Wannan ta katanga ce in an ƙara mata ƙwari. Wannan ta faɗa ce mai hawa kaɗan-kaɗan har ya kai ga sanda. Wannan ta ruwa ce da zafin rana. Tsoho, haƙuri za ka yi, sun fi ka."

"Ta ƙasan adakarsu fa, wace ce?"

"Mushe bai ce suna da adaka ba."

Ya ja buzunshi ya koma gefe, can ya wuni. Na ɗauka kishi ne. Da la'asar ina tankaɗe ya zo ya tsaya a kaina ya ce, "Auta, ashe Turawan ga sun sha wuya. Mutum ba ya tara igiya haka sai ya taɓa asarar dabbobi." Daga ranar, duk Baturen da ya gani cikin motar furoje, ta masu aikin agaji, sai ya tsaya bakin hanya ya dafa ƙirji ya ce, "Sannu da haƙuri." Su kuma su ɗaga mashi hannu suna murmushi.

To, bara bayan girbi ciwon ciki ya kama shi. Ya bar tuwo ya koma fura, furar ma ya koma kurɓa. Duk Juma'a Lawali na kira a salula. Ku lura, ba ya ce mani yaya jikin Baba. Cewa yake, "Gwaggo, me ya ce?"

"Ya ce ya ƙaru."

"To, alhamdu lillahi."

Wata Juma'ar, "Ya ce ya yi ƙarfi."

"To, da sauƙi. A sayi magani."

Muka ɗora shi a amalanke zuwa likita. Majo, babban malamin asibitin, ya danna cikin, ya dubi idonshi, ya tura mu Maraɗi. Can ma aka duba, aka sake dubawa. Wani likita mai sanyin murya ya jawo ni gefe ya ce, "Iya, ku koma da shi gida, ku ba shi abin da ranshi ke so. In akwai na nesa a kira shi." Na gaya ma Lawali haka, ban rage ba.

Ya ce, "Gwaggo, nan ɗakin da muke kwana akwai wanda aka kira wai uwarshi na gargara. Ya bar aiki, ya keta hamada, ya tarar da ita tana daka. Shi Baba me ya ce?"

Na ce, "Yana nan kan ya yi ƙarfi."

Ya ce, "Kin san shi. In na taho bai kira ba, ko dubana ba zai yi ba."

Kun ga inda awo ya kai mu. Uban ya koya ma ɗan kada ya yarda da kowa sai tiyarshi, shi kuma ya zauna bisa tiyar. Ni na gaji, jama'a. Gajiyar ɗaga mutum da kwantar da shi daban, gajiyar roƙon kalma ɗaya a bakinshi daban.

Wata safiya ina goge mashi jiki, na ga hannun nan ya koma kamar kara. Na ce, "Yaya, ciwon ga ya yi tsamari." Na jira a shafe. Bai ɗaga ba. Ya ce, "Ya yi." Tunda uwarmu ta haife ni bai taɓa karɓar awona ba sai ranar.

Na ce, "To faɗi ɗayar, a kira yaron."

"A'a."

"Don me?"

"In ya keto hamada ya tarar da ni ina shan fura fa? Aiki ya tafi, ɗiyanshi su ci me? Kalmar kuma ta mutu, kamar ta Baba."

"In ya zo ya tarar da kabari fa?"

Ya ɗaga ido yana kallon azara. Can ya ce, "Mutuwa ai hanyar kasuwa ce, Auta, kowa na bin ta. Ba a fasa adaka don ita."

"To don me ake fasawa?"

"Ana iya samun abin da ya fi."

Na ce, "Kai dai da rowa za ka mutu."

Ya ce, "Da me kike so in mutu?"

Na aje tsumman. Na sa Ramatu ta danna mani salula, na kore ta, na zagaya bayan rumbu. Ina jin ƙarar injin siminti a bayan Lawali. Ya ce, "Gwaggo, yau ba Juma'a ba. Me ya ce?"

Na buɗe baki. Harshena bai saba da ita ba, da ƙyar ta hau, kamar guga cike daga rijiya mai zurfi. Na ce, "Ya ta'azzara."

Lawali ya ce, "Shi ya faɗa?"

Na ce, "A tasha me ya ce maka? Ba daga gidan ga ya ce ba? To ni a ina nake kwana?"

Sai na ji wani ƙarfe ya faɗi ƙasa, ƙwal. Bai ƙara tambaya ba.

Kwanakin da suka biyo ban san irinsu ba. Hanya da nisa, salula ba ta shiga cikin hamada, ni kuma ban gaya ma Yaya ba. In numfashinshi ya yi sama, in ce yaron ba zai riske shi ba. Rannan kuma ya farka ya ce a dama mashi fura, ya shanye ludayi bayan ludayi, har ya ce tsami bai ji ba. Na koma madafa na zauna. Allah ya gani, ban san abin da zan roƙa ba. In ya tashi, na raba yaro da abincinshi, na kashe kalmar da aka yi shekaru ana kiwo. In bai tashi ba, yayana ne.

Bai tashi ba. Furar ita ce ta ƙarshe da ya sha da kirki.

Wata la'asar kabu-kabu ya tsaya ƙofar gida. Lawali ya shigo, ya rame, leɓɓa sun tsage, ko jaka babu sai leda. Ya yi sallama bakin ɗaki ya durƙusa. Idi ya biyo shi ya tsaya daga ƙofa. Yaya ya buɗe ido ya dubi ɗanshi, ya daɗe yana dubanshi. Sai ya juyo gare ni.

"Auta."

"Na'am."

"Kin fasa mani adaka."

"Na fasa."

"Da izinin wa?"

Na ce, "Daga Baba ta fito, gado ce. Ina da kasona."

Sai hannun nan ya tashi. Da ƙyar, amma ya tashi, tafi a kwance yadda kuka san shi. Idi har ya sunkuyar da kai don sabo. Hannun ya tsaya cikin iska, ya tsaya, sannan ya sauka bisa kan Lawali, ya zauna can.

Ya ce, "Bar shi da tozonshi."

Ya ƙara ƴan kwanaki. Lawali ke juya shi, shi ke ba shi ruwa, shi ya ji shahadarshi, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Aikin kuwa ya tafi, wani ya hau, kamar yadda uban ya faɗa tun a tasha. Ga shi nan zaune, yana kiwon awakin da aka bari kafin Allah ya buɗa wata ƙofar. Na tambaye shi ko yana jin haushina, na ce na kassara shi. Ya ce, "Gwaggo, shafe tozon."

Yanzu masu gaisuwa na shigowa, kowa na zuba magana yadda ya ga dama. Wannan ya ce rashi ya yi ƙamari, wancan ya ce duniya ta ƙazanta. Ni kuma sai in sami kaina ina duban inda buzunshi yake, ina jiran hannu. Na ɗauka ran da aka daina yi mani awo zan huta.

Ya Allah, ga bawanka Nomau nan ya zo. Bai taɓa ɗora ma kowa laifin da ya wuce awonshi ba, ko makiyayi, ko ruwan sama. Ka gafarta mashi, ka sanyaya makwancinshi, ka haɗa shi da iyayenmu. In za ka auna mashi rahama, ya Ubangiji, ka cika tiya ta yi tozo. In ya ɗaga hannun nan, kada ka kula shi. Amin.